Wannan kaset ɗin da ba a rubuta komai a jikinsa ba, kar ka jefar da shi



Darasinmu na yau zai ɗan ja mu baya, don kayan da za mu yi magana a kai ya girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu. Idan kai ɗan Roni ne, ko Gwiwa, ko Kazaure, ko Babura, kuma a babban gida ka tashi, da wuya a rasa wata leda ko kwali ko tsohuwar adaka da aka cusa kaset-kaset a ciki aka tura ƙarƙashin gado. A wasu gidajen yara sun riga sun gama da su, sun zare zaren sun ɗaura a kara suna tsere da shi. Wasu kuma gona aka kai zaren aka kewaye shuka da shi don korar tsuntsu. To waɗanda nasu ya tsira, da ku nake.

In ka zazzage ledar nan za ka tarar kaset ɗin iri biyu ne. Akwai wanda aka sayo a kasuwa da hoton mawaƙi ko malami a jikinsa. Akwai kuma TDK ko Maxell ko Sony da aka sayo babu komai a ciki, aka ɗauki wani abu a gida, wani an ɗan rubuta masa kalma biyu da biro, wani ko ɗigo babu. Yawancin mutane in za su yi shara, mai hoton suke ajiyewa su watsar da marar rubutun. A ganina a juye ake yin abin.

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kabarinsa yana nan Daura kusa da mu, amma duk mai tura waƙa a bakin tasha zai cika maka memori da waƙoƙinsa cikin minti goma. Haka Ɗanƙwairo, haka Ɗan Maraya Jos. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da ya rasu a 1992, da karatuttukan Sheikh Ja'afar da ya rasu a 2007, ɗalibai sun daɗe da juye su, suna yawo a waya da intanet. In naka kaset ɗin na kasuwa ya lalace, ba ka yi asarar da ba ta mayuwa ba. Amma kaset ɗin da kakanka ya ɗauka da rikodarsa, kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma shi ne yake ƙarƙashin gadonku.

Ka tuna wayar hannu ba ta shigo Najeriya sosai ba sai 2001, ƙauyukanmu kuwa sai da aka ƙara wasu shekaru kafin sabis ya iso. Kafin nan, wanda ya tafi ci-rani Ikko ko Kurmi, da wanda ya zauna a Makka ko Sudan, da yawansu da kaset suke aiko da saƙo. In an tashi ba da amsa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a ajiye rikoda a tsakiya. Maigida ya fara, uwa ta karɓa, ta yi gaisuwa ta yi addu'a ta yi faɗa, matan gida su zo ɗaya bayan ɗaya suna jin kunyar rikodar kamar suruki ne, a kira yara kowa ya faɗi sunansa. A bayan fage kana jin zakara na cara, ana daka a maƙwabta. Sai a ba direba ko alhajin da zai tafi. Irin wannan kaset a yau shi ne kaɗai wurin da muryar wata tsohuwa ta rage, wadda ko hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Ba wasiƙa kaɗai ba. Akwai karatun malamin unguwa da azumi, wanda bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Akwai walimar sauka. Akwai makaɗan noma a wajen gayya, da masu kalangu a biki, da kirarin da aka yi ranar naɗin dagaci. Ko Shatan ma, in wani ya ɗauke shi da rikoda a wajen wani biki, wannan ɗaukar tana iya zama babu ita a ko'ina, don mutumin ya yi waƙoƙin da ba a san adadinsu ba. Duk wanda aka ɗauka kafin Agustan 1991 kuwa, an ɗauke shi ne lokacin da Roni da Kazaure suna cikin jihar Kano, ba a ma ƙirƙiri Jigawa ba. Tarihi ne zalla, ko da kuwa hirar farashin gyaɗa ce a ciki.

In kana ganin na kambama abin, ga misali daga maƙwabtanmu. Mamman Sani, mai kaɗa ogan ɗin nan na Nijar, ya ɗauki kiɗansa a 1978 aka buga shi a kaset 'yan kaɗan, daga nan kamar an shuka dusa. Bayan shekara fiye da talatin wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kwafi ɗaya a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai. A 2013 aka sake fitar da kiɗan, har ya kai ga Mamman Sani ya fita Turai yin wasa. Duk wannan saboda wani bai jefar da kaset guda ɗaya ba.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma nan ne mutane ba sa lura. Kaset ɗin kansa yana da juriya. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma har yau akwai na shekarun farko da suke magana. Abin da yake mutuwa da sauri shi ne na'urar da za ta karanta shi. Bel ɗin roba yana narkewa, hed yana cinyewa, kamfanonin da suka yi masu kyan sun daina yi. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa zuwa wajen 2025 juye irin waɗannan kaset-kaset zai daina zama abu mai sauƙi, saboda rashin na'urori da kayan gyara. Duba kalandarka. A nan wajenmu ma ba sai an gaya maka ba: mai gyaran rediyon da ka sani ko dai ya tsufa, ko ya koma gyaran waya da sola. Saboda haka in za ka yi, rikodar za ka fara nema tun tana samuwa.

Wace iri? Tsohuwar National Panasonic ko Sharp ko Sanyo ko Sony da ke ɗakin wani dattijo, in an gyara ta, ta fi yawancin sababbin da ake tallatawa a intanet, irin ƙananan nan masu kama da Walkman da ake cewa suna mayar da kaset MP3 kai tsaye. Suna aiki, ban ce ba sa yi ba, amma injinsu na roba ne marar ƙarfi, murya takan yi rawa a cikinsu, kuma ba zan sa kaset ɗin da babu na biyunsa a cikinsu ba. In ka samu dek, wato irin wadda ba ta da sifika sai an haɗa ta da amfilifaya, ita ce gaba da kowa. Abu ɗaya da lallai ka duba kafin ka saya ko ka ara: ta kasance tana da ramin iyafis, ko ramuka biyu ja da fari a baya da aka rubuta LINE OUT a kansu. Ta nan sautin zai fita zuwa wayarka.

Kar ka soma da kaset mai muhimmanci. Wannan ita ce doka ta farko. Nemi wani na kasuwa da ba ka damu da shi ba, shi ne ɗan gwaji, in rikodar za ta tauna zare ta tauna nasa.

Kafin ma gwajin, buɗe murfin ka leƙa da fitilar wayarka. Za ka ga wani ƙarfe mai sheƙi a tsakiya, shi ne hed, shi yake karanta sautin. A gefensa akwai siririn ƙarfe kamar ƙusa mai juyawa, da 'yar baƙar taya ta roba da ke manne masa, masu gyara suna ce mata rola. Waɗannan biyun su ke jan zaren. Samu auduga mai tsinke irin ta goge kunne, ka ɗan jiƙa ta da sifirit, wanda masu gyaran waya suke wanke allon ciki da shi ya fi, in babu na kemis ma ya yi. Goge hed ɗin da siririn ƙarfen har audugar ta daina fitowa da jan datti. Rolar kuma da 'yar laimar ruwa za ka goge ta, don yawan sifirit yana busar da roba. In ka ga rolar ta yi santsi kamar gilashi, ko ta tsage, ko tana danƙo, to ita ce mai cin kaset, sai an canja. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare. Kuma kar wani ya ce maka a ɗiga man keken ɗinki a inda zare yake bi. A bar ta ta bushe minti biyar.

Sai batun gudu. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 ne a kowane sakan. In bel ya saki, gudun zai ragu, sai ka ji muryar mace ta koma ta namiji. In wani ya taɓa murɗa injin, ya ƙaru, sai dattijo ya koma yaro. Ga dabara mai sauƙi: samu kaset ɗin wata waƙa ko ƙira'a da kake da ita a waya, ka kunna su tare. In ɗaya yana tsere wa ɗaya, ko muryar rikodar tana lilo sama da ƙasa, kai ta wajen mai gyara ya sa sabon bel ya daidaita. Bel ɗin ba shi da tsada, samun daidai girmansa ne aikin, wani lokaci sai an aika Sabon Gari a Kano. Wuta kuma, ni na fi son sababbin manyan batura a kan janareta, don janareta yana shigo da wani gurnani cikin sautin, kuma in ya shiga fitar da shi wahala ne. Amma sababbi fa. Batirin da ya yi sanyi yana jan murya.

Akwai wani ɗan sirri da ko masu gyara ba kowa yake damuwa da shi ba. Faɗin zaren kaset bai kai milimita 4 ba, kuma a cikin wannan ɗan faɗin aka raba layin gefen A da na gefen B. In hed ya ɗan karkace ko da kaɗan ne daga yadda na rikodar da ta yi ɗaukar yake, sai ka ji maganar ta dushe kamar mai magana ya rufa da bargo. Mutane sai su ce kaset ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. A gefen hed akwai ɗan ƙaramin noti, galibi mai sifirin a ƙarƙashinsa, wasu rikodojin ma an bar masa 'yar ƙofa a jikin murfi. Sa iyafis, kunna kaset, ka juya notin a hankali, kaɗan hagu kaɗan dama, kar ya wuce rubu'in zagaye, kana sauraron inda "s" da "sh" da "ts" suka fi fitowa tas. Nan za ka tsaya. Wani kaset ɗin sai an sake masa nasa, tunda ba rikoda ɗaya ta ɗauke su ba. Ka tabbata sukudirebar ba mai maganaɗisu ba ce: in tana ɗaukar allura, ajiye ta ka nemi wata.

Mun gama da na'ura, saura kaset ɗin. Abu na farko, tun kafin ya kusanci rikoda: a saman kowane kaset akwai 'yan harsuna biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. Ɓalle su duka biyun. In babu su, jan maɓallin ɗauka ba zai dannu ba. Muryoyi nawa aka shafe saboda yatsa ya zame, ko yaro ya zo wasa? Sakan uku ne aikin, kar ka tsallake shi.

Daga nan leƙa ta 'yar tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar gari ko saƙar gizo a jikin naɗin zaren, fumfuna ce, damina ta taɓa shi. Ware shi daban, kar ka sa shi a rikoda don zai shafa wa sauran, kar kuma ka hura shi da baki. Ka bar shi a inuwa mai iska ya bushe sosai, sannan a goge zaren a hankali da ƙyalle mai laushi ana naɗewa, aikin haƙuri ne. Juya kaset ɗin ka duba ƙasa inda zaren yake a fili: a bayansa akwai ɗan soso ƙarami a kan siririn ƙarfe, shi yake danna zaren a jikin hed. Yakan faɗi in gam ɗinsa ya tsufa, kuma in babu shi sauti ba zai fito da kyau ba. Ciro na wani kaset marar amfani ka maye.

Sai ka sa biron Bic a ramin ka juya, kamar yadda iyayenmu suke yi don tattalin batir. In yana juyawa sumul, madalla, sa shi a rikoda ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya, don zaren da ya shekara ashirin a naɗe ya saki jiki. In ya cije, kar ka yi masa ƙarfi. Masu noti biyar ana kwance su, a ɗauke naɗin zaren gaba ɗaya a mayar cikin gidan wani kaset mai lafiya. Ka yi wannan a kan faranti, ƙofa a rufe, fanka a kashe. In zare ya tsinke, a yanke bakin biyu daidai a haɗa su ta baya, wato gefen da ba ya taɓa hed. Salatif da jan farce da aka saba amfani da su, gam ɗinsu yana tsattsafowa ya manne zaren da ke kusa. In dole ce ta sa, sa ɗan siririn salatif, ka juye kaset ɗin a ranar, ka sake goge hed. Ka ƙara kula da mai lamba 120, zarensa ya fi na 60 da na 90 sirantaka, shi ya fi saurin tsinkewa.

To, yaya sautin zai shiga waya?

Na san abin da da yawa za su yi: a kunna rikoda, a kara waya a bakin sifika, a danna ɗaukar murya a WhatsApp. Wannan ita ce hanya mafi muni, don ka haɗa kukan akuya da ƙarar babur da amon ɗaki, sannan WhatsApp ya matse abin da ya rage. Amma zan faɗi gaskiya, ta fi babu. In ita kaɗai gare ka, aƙalla yi amfani da manhajar ɗaukar sauti ta wayar, bari sai dare ya yi shiru, rufe ɗaki, ɗora wayar a kan filo kamar taƙi ɗaya daga sifika, kar ka riƙe ta a hannu.

Hanyar kirki ita ce ta kebul. Sai dai kar ka ɗauka kebul ɗin da kake haɗa waya da sifikar mota zai yi. In ka soka shi daga rikoda zuwa ramin iyafis na waya, wayar za ta ɗauka iyafis ka sa mata, ta ci gaba da ɗauka da makirfonta. Abin da kake buƙata shi ne 'yar na'urar sauti ta USB, sai kan OTG da zai haɗa ta da wayarka. Masu ramuka ja da fari na shigar sauti, irin Behringer UCA202, su suka dace. Ƙananan nan masu arha masu ramin makirfo kawai su ma za su yi maganin wata rana, musamman ga magana zalla, amma dole ka rage ƙarar rikodar ƙasa sosai, in ba haka ba sautin zai fashe. Ba kowace waya ko manhaja ce take karɓar sauti ta USB ba, don haka gwada: fara ɗauka, ka ƙwanƙwasa bayan wayar da yatsa, ka saurara. In ka ji ƙwanƙwasar a ciki, har yanzu makirfon wayar ne yake aiki, canja manhaja. Mai laftof kuwa ya huta, ya sauke Audacity, kyauta ce.

Sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ka fara. Kira ɗaya zai katse maka aikin rabin awa, kuma sabis yana sa wani kuka a cikin sauti in waya tana kusa da rikoda. Kar ka yi caji kana ɗauka. Maɓallan ƙara bes da sauransu ka bar su a tsakiya, na Dolby a kashe sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka. Nemo inda aka fi ɗaga murya a kaset ɗin ka daidaita ƙara da shi, yadda ma'aunin manhajar ba zai taɓa ja ba. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe ya fashe ke nan. Kuma babu gajeriyar hanya: kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, awa ɗaya da rabi za ka zauna. Ka ɗauke shi duka, har da inda ake tari da inda aka yi shiru. Sau da yawa a can ƙarshen gefen B, bayan an ɗauka an gama, ake samun abin da ya fi komai daɗi.

Wajen ajiyewa zaɓi WAV in manhajar tana da shi. Yana cin wuri, kusan megabayit 10 a minti, wato kaset mai lamba 90 zai kusan cinye gigabayit ɗaya, rabin haka in layi ɗaya ka ɗauka. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga jikinsa sai ka fitar da MP3, wanda bai fi megabayit 1 a minti ba, shi za ka riƙa tura wa dangi. Manhajojin nan masu cewa suna wanke murya da AI, yi wasa da su a kan kwafi in kana so, amma ban da uwar. Sukan goge shuu ɗin kaset su haɗa da rabin muryar, wani lokaci su mayar da kakarka wata mata da ba ka sani ba.

Kuma don Allah kar ka ce tunda ya shiga waya an gama. Waya ita ce wuri mafi hatsari da za ka ajiye abu: ana sacewa, tana faɗawa ruwa, ana yi mata filashin, ana sayarwa in sallah ta matso. Memorin jabu kuma ya cika kasuwa. Kaset ɗin da ya shekara 35 yana magana, wayarka ta yanzu da wuya ta kai biyar. Ajiye a wuri uku: waya ko laftof, filashi ko memori mai kyau a wani gidan daban, sai Google Drive da yake ba da gigabayit 15 kyauta. Shi ma ka sani, Google yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, don haka wani amintacce a gida ya san da shi. In za ka tura uwar ta WhatsApp, tura ta a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, ta haka za ta isa yadda take.

Shi ya sa kaset ɗin ma ba za ka jefar ba bayan ka juye. Wataƙila gobe a samu na'urar da ta fi taka. Mayar da shi gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, a cikin akwati mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Ban da saman sif dab da rufin kwano, kowa ya san yadda ɗakunanmu suke zama a watan Afrilu in zafi ya haura digiri 40. Ban da gaban mota, ban da kan sifika don akwai maganaɗisu a cikinta. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, ita take zama yashi tsakanin zare da hed.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. Wasiƙar kaset ba don duniya aka yi ta ba. A ciki akwai maganar bashi, da ta aure, da ta gona, da ƙorafin da uwa ta yi wa ɗanta a kan matarsa. Fara saurara kai kaɗai da iyafis. In ka ji abin da ya shafi wasiyya ko gado ko bashi, wajen manya da malamai za ka kai, ba zauren WhatsApp na dangi ba. Kar ka ɗora muryar matar wani ko mahaifiyar wani a Facebook ko TikTok don neman mabiya ba da izinin 'ya'yanta ba. Kuma kar ka zo wa tsohuwa ba zato ka kunna mata muryar mijinta da ya rasu shekara ashirin. Gaya mata tukuna, ka bari ita ta ce a kunna.

Na san wani zai ce wa yake da kuɗin dek da na'urar USB saboda kaset biyar? Gaskiya ne, kuma ba kowane gida ne yake buƙatar nasa ba. Saiti ɗaya mai kyau ya ishi gari guda. Matasan da suke sana'ar caji da tura waƙa a Roni da Amaryawa da Gwiwa, da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure masu laftof, ga sana'a nan a ƙasa ba mai ɗauka: a juye wa mutum kaset a biya ka kan kowane ɗaya. Kwamitocin masallatai da Islamiyyu masu kwalayen tafsirin malamansu su ma kasuwa ce. Sharaɗin kawai shi ne amana. Kai mai kaiwa, ka zauna a yi a gabanka in da hali, kuma ku yi magana tun farko cewa na iyali ba zai kwana a kwamfutarsa ba.

Saura sunaye. Fayil mai suna "rikodin 0047" ba shi da maraba da kaset marar rubutu. Ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya, ka ba shi lamba, ka sa wa fayil ɗin lambar. Sannan ka je wajen wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ku saurara tare, kana tsayarwa kana tambaya: Baba, wannan muryar wa ce? Inna, bikin wa ake yi a nan? Wace shekara ce, kafin a yi Jigawa ko bayan an yi? Su ba sa ƙirga da lamba, za su ce maka shekarar da wane ya je Makka, ko shekarar fari, rubuta haka ɗin yadda suka faɗa. In sun yarda, kunna ɗaukar sauti a wayarka lokacin da suke bayanin, ka ajiye wannan hirar a folda ɗaya da kaset ɗin.